Feshi ko fartanya: wanne ya fi dacewa da ƙaramin lambu?

Duk wanda ya taɓa karɓar ɗan fili ya ce zai yi lambu ya san wannan safiyar. Ka shigo da zumuɗi, ka duƙa ka ɗaga ganyen kabeji, sai ka ga bayansa ya yi toka-toka da darɓa. Ka waiga fangalin karas, ciyawa ta ninka karas ɗin tsayi. Kafin ka miƙe, maƙwabcinka na dama ya ce maka, "Malam, yi feshi ka huta." Na hagu kuma ya ce, "Kada ka kuskura ka zuba guba a kan abin da iyalinka za su ci." Kowannensu da gaskiyarsa, amma ba wanda ya tambaye ka abin da ya kamata a fara tambaya: wane irin abokin gaba ne a gabanka, kuma sau nawa ƙafarka ke taka lambun a mako?

Maganar ƙaramin fili nake yi. A Ingila, inda hukumomin gari suka daɗe suna ba mutane hayar filin lambu, cikakken kaso ɗaya bai wuce kimanin murabba'in mita 250 ba, da yawa ma rabin haka suke karɓa. Fili irin wannan mutum ɗaya zai zagaye shi cikin minti goma, ya kalli kusan kowace shuka ido da ido. Mai hekta ashirin ba shi da wannan gata, shi ya sa lissafinsa daban. Kuskuren da muke yi shi ne mu ɗauko dabarar babbar gona mu kawo ta wurin da tumatir da albasa da latas ke zaune kafaɗa da kafaɗa.

Ciyawa da ƙwari ba yaƙi ɗaya ba ne, don haka bari a raba su. A fara da ciyawa, don ita ce ke korar sababbin masu lambu tun kafin ƙwari su iso.

Ciyawa iri biyu ce ga mai lambu, ko da masana sun kasa ta gida ɗari. Akwai mai rayuwa da iri: ta fito, ta yi fure, ta zubar da 'ya'ya, ta mutu. Akwai mai rayuwa da abin da ta ɓoye a ƙasa, irin su jiji da ƙiri-ƙiri da tofa. Ta farko, fartanya ce maganinta, kuma har yau ban ga abin da ya kama ƙafarta ba. Sirrin yana ga lokaci. Idan ciyawa tana siririya kamar zare, ganye biyu kacal, ka ja bakin fartanya sama-sama, zurfin santimita 2 zuwa 3, da hantsi a ranar da rana ke da ƙarfi. Kafin yamma ta bushe ƙayau. Aikin da zai ci minti ashirin a wannan mataki, idan ka bar shi mako uku zai cinye maka yini guda, ga ciwon baya.

Me ya sa sama-sama? Domin ƙasa rumbun iri ce. A 1879 wani malamin tsirrai a Mishigan ta Amurka, William Beal, ya binne kwalabe 20 cike da yashi da irin ciyayi, don a riƙa tono ɗaya bayan wasu shekaru a ga ko irin na da rai. An tono ɗaya a 2021, aka shuka, wasu suka tsiro bayan fiye da shekara 140 a binne. Ke nan duk saran da ka zurfafa, kana ɗago irin da ke barci ne zuwa haske. Nan ne dabarar yaudarar ciyawa ke da amfani: ka gyara fangali, ka ba shi ruwa kamar ka shuka, ka jira kwana goma zuwa mako biyu, ciyawa ta fito, ka kankare ta ba tare da ka juya ƙasa ba, sannan ka yafa irinka. Karas da albasa, waɗanda ganyensu siriri ne ba sa iya yi wa ƙasa inuwa, sun fi kowa morar wannan.

Da jiji kuwa fartanya takan zama abokiyar gaba. Na koyi wannan da jikina. Shekarata ta farko na tarar da wani lungu cike da shi, na zage na daddatse shi, na juya ƙasar har ta yi laushi kamar gari, na koma gida ina jin na yi aikin maza. Bayan mako biyu wurin ya yi kore shar, fiye da da. Ashe ƙwayoyinsa a sarƙe suke a ƙasa kamar carbi, kuma muddin suna haɗe, ta gaba ce ke tsiro sauran suna kwance. Da na tsinka igiyar sai na tashe su gaba ɗaya. Haka ƙiri-ƙiri yake, kowace gaɓa ka bari a ƙasa mai danshi, sabuwar ciyawa ce. Irin waɗannan sai dai a tona da cokalin tono mai yatsu, a tsince da hannu, a baza a rana su bushe, kuma kada a kai su ramin taki.

Hanya ta biyu ita ce lulluɓe ƙasa. Ka shimfiɗa kwali, ka jiƙa shi, ka ɗora busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 5 zuwa 10. Irin da bai ga haske ba yawanci ba ya tsiro, wanda ya tsiro kuma ya mutu a duhu. Ga ribar ƙafa: ƙasa na riƙe danshi, ban ruwa ya ragu, tanar ƙasa ta yawaita a ƙarƙashi. Ga wanda ba ya samun zuwa lambu sai ƙarshen mako, wannan ta fi fartanya nesa ba kusa ba, domin tana aiki kana can kana harkarka.

Amma ba ta rasa aibu. A wuri mai laima, ƙarƙashin lulluɓin nan masauki ne ga dodon koɗi. A wuri mai zafi, gara ce ke zuwa. Ciyawar da aka yanka bayan ta yi 'ya'ya, kai da kanka ka shuka ta. Ƙananan iri da ake yafawa kai tsaye ba za su iya huda ta ba, sai ka jira sun tasa. Jiji kuma ko baƙar leda hudawa yake. Sannan ka san asalin abin da kake shimfiɗawa. A 2008 masu lambu da yawa a Birtaniya sun ga tumatir da wake da dankalinsu sun nannaɗe sun ƙanƙance, aka bi sawu aka gano takin dabbobi ne. An fesa wa makiyaya maganin ciyawa mai suna aminofairalid, dabbobi suka ci, ya bi ta cikinsu ya fito a kashi da ƙarfinsa. Gwajin ba wuya: cika tukunya da takin, ka shuka wake uku ko huɗu, ka jira mako uku. Idan ganyen ya fito a murɗe, kada takin ya shiga lambunka.

Sai maganin ciyawa. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne gilayifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fitar kasuwa a 1974 da sunan Roundup. Ta ganye yake shiga, ya gangara har saiwa, ya toshe hanyar da tsiro ke haɗa wasu sinadaran gina jikinsa. Shi ya sa yake iya cin tofa da ƙiri-ƙiri, waɗanda fartanya sai dai ta yi musu aski. Shi ya sa kuma ba ruwansa da wane ne naka: iska ta ɗan kaɗa, raɓarsa ta sauka kan tattasai, shi ke nan. Ba ya kashe irin da ke cikin ƙasa, don haka bayan mako uku sabuwar ciyawa za ta leƙo kamar ba a yi komai ba. Kan lafiyar mutum kuwa bakin hukumomi bai zo ɗaya ba. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo sankara, ita kuma Tarayyar Turai ta sabunta izininsa na shekara 10 a 2023.

Ni dai wuri ɗaya na ga yana da hujja a ƙaramin lambu: ranar da ka karɓi filin da ya shekara biyu ko uku a yashe, tofa ta kai gwiwa, ba ka shuka komai ba tukuna. Feshi ɗaya a kan ɗanyen ganye mai girma, a ranar da ba iska ba hadari, ka bar shi aƙalla mako guda kafin ka taɓa ƙasar. Wanda ba ya son haka, ya sassabe, ya lulluɓe filin da baƙar leda mai kauri na tsawon watanni, ya riƙa buɗe fangali ɗaya-ɗaya. Sakamakon kusan ɗaya ne, haƙurin ne ya bambanta. Bayan shuka ta shiga ƙasa, maganin ciyawa ba shi da sauran aiki a wurin da kayan lambu iri goma ke tazarar taku ɗaya da juna. Maganin ciyawar nan farakwat kuwa kada ma ya shigo lissafi. Kurɓi ɗaya na iya kashe mutum, ba shi da makari, Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun 2007, kuma duk da wannan haɗari ganye kawai yake ƙonawa, ya bar saiwa da ranta.

A ɓangaren ƙwari ne zaɓin ya fi wuya, domin nan feshi yana da abin da yake burge mutum da shi: sauri. Ka fesa maganin ƙwari irin saifametirin da yamma, da safe ka ga gawarwaki. Zuciya ta yi sanyi. Abin da ido bai gani ba shi ne su wa aka haɗa a kisan. Ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya yana iya cin darɓa kusan hamsin a rana, tsutsarsa ma ci take ba ji ba gani. Gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, zanzaro, da ƙananan rina masu saka ƙwai a cikin jikin darɓa, duk ma'aikatanka ne da ba ka biyansu. Maganin da ke kashe komai ba ya ware su. Daga nan sai tseren dawowa, kuma darɓa ce ke cinyewa, domin macen ba ta jiran namiji, ba ta ma saka ƙwai a lokacin zafi, haihuwa take, 'yar da ta haifa kuma cikin mako guda ita ma ta fara. Masu cin ta sai sun yi makonni kafin su farfaɗo. Shi ya sa wanda ya fara feshi yakan tarar ya ɗaura aure da famfon feshi. Sau da yawa ma bayan irin wannan magani ne jajayen mitsitsin ƙwarin nan masu saƙa a bayan ganyen tumatir da yalo ke ɓarkewa, don an share musu maƙiyansu.

Ga kuma sabo. Wata 'yar ƙaramar asu mai lalata kabeji, wadda tsutsarta ke mayar da ganye kamar rariya, ta gagari maganin ƙwari na DDT tun 1953 a tsibirin Jaba na Indonesiya, 'yan shekaru kaɗan bayan Paul Müller ya karɓi kyautar Nobel a 1948 saboda gano ƙarfin maganin. Tuta absoluta, wata asu wadda ta fito daga Kudancin Amurka ta ɓulla a Sifaniya a 2006 sannan ta bazu Turai da Afirka da Asiya, ita tsutsarta ma cikin naman ganyen tumatir take zama, tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Maganin da sai ya taɓa jiki yake kisa, wanka kawai yake yi wa rufin ɗakinta.

Abin da ya fi damuna da feshi a lambun gida shi ne kwanakin jira. Kowane magani na ƙwarai yana ɗauke da adadin kwanakin da dole su wuce tsakanin feshi da tsinka, wani kwana 3, wani 7, wani 14 ko fiye. To kuɓewa da kokwamba kowane kwana biyu ko uku ake tsinkarsu, latas kuma ɗanye ake ci. Ko dai ka bi doka amfanin ya tsufa a jikin uwa, ko ka karya doka ka kai gida. Mai babbar gona da ke girbe kabejinsa rana ɗaya zai iya tsara wannan. Kai da kake tsinka kullum, da wuya.

Ba ina cewa a jefar da maganin bature ba ne. Ranar da fara ta sauka, ko tsutsa ta ɓarke a kan dashen da bai fi mako biyu ba har kana ganin za ka wayi gari babu komai, tsinta da hannu wasa ne. A irin wannan rana ka san sunan ƙwaron tukuna, ka sayi maganin da takardarsa ta ambaci shukar da ƙwaron, ka dubi launin da ke gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ja ba na lambun gida ba ne. Ka auna yadda aka rubuta, ba da murfin kwalba da "ƙara kaɗan don ya ji" ba. Ka rufe hannu da hanci da ido. Ka fesa da yamma lis bayan ƙudan zuma sun koma, kuma ban da shukar da ke fure. Ba banza ba Tarayyar Turai ta hana amfani da magunguna uku na dangin niyonikotinoyid a fili a 2018, saboda ƙudan zuma ne.

Tsakanin guba mai share kowa da hannu tsura akwai matsakaita, kuma a nan yawancin masu ƙaramin lambu ya kamata su zauna. Idan tsutsa ce mai cin ganye, Bt ya fi komai. Ƙwayar bakteriya ce ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda aka fara sayarwa a Faransa a 1938. Nau'in da ake fesa wa kayan lambu sai tsutsar asu ko ta malam-buɗe-littafi ta ci shi yake aiki, ya lalata mata hanji, ta daina ci cikin sa'o'i, ta mutu bayan kwana biyu ko uku. Bai dami zuma ko gizo-gizo ba. Rauninsa: rana na kashe shi cikin 'yan kwanaki, ya fi cin ƙananan tsutsa, kuma ba ya yi wa darɓa komai. Shi ma ba a yi masa ɗaurin gindi ba, domin asun kabejin nan ta fara jure masa a Hawayi wajen 1990, inda aka yi ta fesa shi ba hutu.

Darbejiya tana aiki ta wata fuska. Sinadarinta ba ya kayar da ƙwaro nan take, yana ɗauke masa sha'awar ci ne, ya hana shi saɓa da girma. Ana daka ƙwayar 'ya'yan kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ta kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga sabulu kaɗan don ya kama ganye, a maimaita kowane mako. Wanda ya saba ganin gawa da safe zai ce ba ta yi ba. Ya duba sabon ganye bayan kwana biyar, nan amsar take. Ruwan sabulu kuma na masu laushin jiki ne, darɓa da farin ƙuda, kuma wanda ya jiƙa kawai yake kashewa, don haka bakin famfo ya kalli sama, ya bi bayan ganye. Sabulu mai laushi, ba garin wanki ba, kuma a gwada a ganye biyu a jira kwana ɗaya. Sau da yawa ma ruwa zalla da ƙarfi ya isa ya kakkaɓe darɓa. In ka ga kiyashi na hawa da sauka a jikin shuka, bi sawunsu, kiwon darɓa suke yi don zaƙin da take fitarwa, har suna korar masu cin ta.

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, raga zan ɗauka. Ƙwaron da bai sauka a ganye ba ba ya buƙatar magani. Mai ido kimanin milimita 7 tana tare malam-buɗe-littafi da tsuntsaye, mai milimita 0.8 tana tare mafi yawan ƙananan ƙwari, farin ƙuda kuma sai wadda ta fi haka ƙanƙanta. Sharuɗɗanta uku ne kuma ba ta yafe ko ɗaya: a rufe ranar da aka yi dashe, a binne gefenta a ƙasa, kuma a ɗaga ta a kan sanduna kada ta taɓa ganye, don ta cikin ido ake saka ƙwai. Idan ka rufe bayan ƙwari sun shiga, ka gina musu gida ne ka kulle maƙiyansu a waje. Gwargwadon ƙanƙantar ido, gwargwadon ƙarancin iska, a wuri mai zafi wannan abin lura ne. Kabewa da kokwamba da kankana dole a buɗe su idan sun fara fure, in ba haka ba zuma ba za ta kai musu ba, 'ya'ya ba za su ƙullu ba. Gidan sauro mai magani kuma ba na kan abinci ba ne.

Akwai inda gardamar ma ba ta taso ba, don babu feshin da zai yi. Tumatirin da ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya ya tsaya cak, cutar da farin ƙuda ke ɗauka ce ta shige shi, ba ya warkewa, a tumɓuke shi a fitar. Shukar da ke yaushi da rana alhali ƙasa da danshi, ka cire ɗaya ka dubi saiwa. Idan ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani. Maganinta juya shuka: tumatir da barkono da yalo da dankalin turawa dangi ɗaya ne, kada ɗaya ya gaji ɗaya a fangali sai bayan shekara uku ko huɗu. A lokacin tsananin rana kuma ana jiƙa fangali a lulluɓe shi da farar leda mai shara-shara mako huɗu zuwa shida, zafin ya dafa na saman ƙasa.

Saboda haka koma ga tambayar ƙafa. Mai zuwa kullum ko bayan kwana biyu, fartanya da yatsunsa da kwalbar Bt sun ishe shi. Ya riƙa juya ganye, ya murje ƙwai tun suna rawaya a jere, ya leƙo da tocila bayan magariba don dodon koɗi da tsutsar nan mai yanke dashe daga gindi, wadda gutsuren gorar roba da aka zagaye kara da shi, aka nutsa santimita 3 a ƙasa, ke hana ta. Mai zuwa sau ɗaya a mako ya zuba ƙarfinsa a abin da ke tsaro ba ya nan, wato lulluɓin ƙasa da raga, ya rage kabeji da latas, ya ƙara albasa da tafarnuwa da kabewa, waɗanda ba su cika shagwaɓa ba. Mai zuwa sau biyu a wata kuwa, feshi ba zai cece shi ba, ya noma rabin filin ya rufe rabi da leda.

In kuma ka yanke shawarar amfani da maganin ciyawa da na ƙwari duka biyu, to famfo biyu za ka saya, ka shafa wa na ciyawa jan fenti a murfi da bututu. Ɗauraya sau ɗaya ba ta fitar da abin da ya maƙale a tiyo, kuma tumatir na daga cikin shukokin da ɗan ɓurɓushin maganin ciyawa ke nannaɗe wa ganye cikin 'yan kwanaki.